Gwiwar Tushar

Litinin, 2 ga Agusta

Ruwa tun asuba, filin Maidan ya koma fadama. A nan Tushar Hembram, ɗan wasan gabanmu, ya zame muna atisaye. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar gwiwarsa. Na san wannan ƙarar. Shekara goma sha ɗaya na buga wa kulob ɗin nan kafin tawa ta yi irinta, shi ya sa yau nake koci mai ɗingishi. Likita ya ce jijiyar ta tsage amma ba ta tsinke ba. Hutun wata biyu. Wasan da zai hana mu faɗawa rukuni na biyu kuwa ranar sha huɗu ga wata ne.

Alhamis, 5 ga Agusta

Ghoshal-babu, sakataren kulob, ya kira ni ofis. Mutumin da ko ƙwallon tsumma bai taɓa haura ba. Yana kurɓar shayi a ɗan kofin ƙasa, yana murmushi.

"Dulal-da, allurar kashe zafi ɗaya ce fa. Ya buga, mu tsira, sai ya huta har bikin Puja."

Na ce, "Abin da babanka ya ce min ke nan, a kan wannan kujerar."

"To ba ka ci mana biyu ranar ba? Ga hotonka can a bango."

"Hoton yana hawa bene? Ni dai ba na iyawa."

Ya daina murmushi. Na fito ban sha shayinsa ba.

Asabar, 7 ga Agusta

Shi kansa Tushar ya zo gida. Na ɗauka godiya ya kawo. Ashe an hure masa kunne cewa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallo. Matata Shefali ta ajiye masa shinkafa da kifi, ko kallo. Ya ce, "Koci, kai naka lokacin ya wuce, kada ka tare min nawa."

Ni! Ni da na gano shi yana wasa ba takalmi a Purulia. Ni da na je har gaban uwarsa na ce ta ba ni amanarsa. Na ɗage wandona na nuna masa tabon, ya kau da kai kamar na nuna masa gawa. Na ce muddin ni ke rubuta sunaye, ko benci ba zai zauna ba.

Talata, 10 ga Agusta

Sun kore ni. Bablu, mataimakina, ne koci yanzu. A bakin maigadi na ji.

Laraba, 11 ga Agusta

Jarida ta ce hassada ce, wai ba na so Tushar ya wuce yawan ƙwallayen da na ci. Mai kifi a kasuwa ya ce, "Koci, gaskiya ne?" Da ƙyar na hana kaina kwaɗa masa ma'auninsa. Shefali ta ce, "Kana ji? Ka zauna ka ci abinci, ba da ni kake faɗa ba." Na fasa faranti. Ban nufa ba... ko na nufa, ban sani ba.

Su yi masa allurar. Su yi masa goma. Babu ruwana.

Asabar, 14 ga Agusta

Na rantse ba zan saurara ba. Shefali ta kunna rediyo a kicin, wai don kanta, ta ƙure murya.

Tushar ya ci ɗaya kafin hutu. Da kai, irin yadda na koya masa, ɗan banza. Bayan hutu mai sharhi ya ce ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, an kawo gadon ɗaukar majinyata. Ban tsaya jin sauran ba.

Ɗaya da nema. Kulob ya tsira. An ce magoya baya sun ɗaga Ghoshal-babu sama, sun rataya masa furanni.

Laraba, 18 ga Agusta

Jijiya biyu suka tsinke. An yi aiki jiya. Kwana huɗu ina shirya maganar da zan gaya wa Tushar, kalma bayan kalma, har a bayi nake maimaitawa.

Lahadi, 22 ga Agusta

Na je asibiti. Babu kowa daga kulob, sai kwandon lemo da katin Ghoshal-babu. Uwar Tushar na zaune a ƙasa, ta zo daga ƙauye. Da ta gan ni ta rufe fuska da bakin zanenta na sari. Gara ma da ta zage ni.

Na same shi yana kokawa da sandunan dogarawa, ya cusa su a hammata, yana rataye kamar wanki. Ya gan ni ya tsaya. Ya ce, "Koci, faɗi kawai. Na san ka zo faɗa."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Wane jaki ne ya saita maka sandunan nan? Nauyi a tafin hannu ake sa shi, ba a hammata ba." Na kwance su, na rage tsayin. Muka yi ta kai da komo a baranda har rigarsa ta jiƙe. Ya faɗi sau ɗaya, na tare shi, tawa gwiwar ta yi ƙara, muka kusa zubewa tare. Uwarsa ta yi dariya.

Har yanzu ban huce ba. A rubuta wannan.

Gobe da safe za mu fara hawa bene. Wanda suka ba shi ya koya masa tafiya bai san komai ba, shi ke nan dalili.