Riƙon Mazari

Affala, 20 ga Yuli 1994

Zuwa ga ɗana Ashiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da kawunka Idi da iyalinsa. Mu nan lafiya lau. An yi ruwa sau uku, yayanka Sa'idu ya gama noman fari.

Na karanta takardarka da kaina, sau huɗu. Ka ce tunda malamai na yajin aiki kuma lakwal a rufe, in an yi girbi za ka bi abokinka Rissa zuwa Abijan. Ranar ban ci tuwo ba. Babanka ma da zai tafi can wata shida ya ce zai yi. Bana shekara tara.

Ka kuma ce akwai wani Malam Attaher mai zanen allunan shaguna kusa da tasha. Wai ya ce ka yi zane ɗaya kullum har kwana ɗari, ba fashi, kuma abin da idonka ya gani kaɗai. In ka cika ya ɗauke ka aiki, ka fasa tafiya. Ni ban san zane sana'a ce ba. Amma akuyar da ka aiko mini, Huseina maƙwabciyata tana ganinta ta ce, "Wannan ai mai ciki ce, kuma ƙafarta ta baya na ciwo." Ashe haka ne?

Ka riƙe kwana ɗarin nan da kyau. Ni ma a karatun manya harafi ɗaya nake koya a rana, ina da shekara arba'in da uku, yara na leƙe ta taga suna dariya. Kada ka zauna cikin rana. Kana cin abinci kuwa?

Ka zo sunan ɗan Sa'idu in Allah ya sauki matarsa lafiya.

Mahaifiyarka,
Kaltumi

Tawa, 19 ga Satumba 1994

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida Yaya Sa'idu da mai jego da jariri.

Inna, abin ya lalace. Jiya na cika kwana tamanin, na kai wa Malam Attaher kayena biyu, littattafan da nake zane a ciki. Ya duba raƙuman kasuwa, da masu kabu-kabu, da tsohuwa mai tuyar ƙosai, yana gyaɗa kai. Sai ya iso zanen da na yi ranar suna, lokacin da kike rubuta wa Huseina takarda zuwa ga mijinta. Hannunki kaɗai na zana, riƙe da bik ɗin rubutu.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hannu ya yi kyau, amma ƙarya ce. Shekara talatin ina rubutu, ban taɓa ganin mai riƙe bik daga can ƙarshensa na sama ba. Wannan daga kanka ka ƙago shi." Na ce wallahi haka na gani. Ya ce, "Duk yaron da bai iya hannu ba haka yake rantsuwa. Sharaɗi sharaɗi ne. Koma rana ta ɗaya."

Ba ni da wani kwana ɗari, Inna. Motar su Rissa za ta tashi farkon Oktoba. Zan ci gaba da zanen don hannuna ya saba, amma na gaya wa Rissa ya riƙe mini wuri. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Ashiru

Tawa, Lahadi 25 ga Satumba 1994

Ashiru,

Bayan gaisuwa. Ina rubuta maka wannan a zauren kawunka. Na shigo motar kasuwa da safe, aka ce kun kai kaya Barmou kai da shi. Ban jira ba. Na ɗauki kayenka a ɗaki, na tambayi hanya har rumfar mutumin naka.

Na same shi yana zana kan mutum a allon wanzami. Dogo ne, gemunsa duk fenti. Muka gaisa. Na ce, "Malam, takarda nake so in rubuta, a ara mini bik." Ya ce, "Kawo in rubuta miki, Inna." Na ce, "Na gode, ina da hannu."

Na zauna a bencinsa na fara rubuta sunana. Ban kai ƙarshe ba na ji ya ajiye gwangwanin fenti. Ya ce, "Tsaya. Wa ya koya miki wannan riƙo?" Na ce ba kowa. Tun ina shekara bakwai nake kaɗi. Yatsun nan mazari suka sani, daga sama suke kama shi, da babban yatsa da na tsakiya. Mushen karatun manya, malaminmu, ya yi wata uku yana gyara mini, ya gaji ya ce, "Kaltumi, riƙe yadda kika ga dama, in dai harafi zai fito."

Sai na buɗe kayenka na ajiye kusa da hannuna. Ya dubi takarda, ya dubi hannu. Ya ce in juya. Na juya. Ashiru, har kantar da mazari ya bar mini a yatsa ka sa. Har tabon ƙunar da na yi kana goye. Ni kaina ban san ana ganinsa ba. Shekara nawa hannun nan na tare da ni, sai yau na dube shi sosai.

Wani mai shayi a gefe ya ce, "Malam Attaher, yau an kama ka." Ya ce, "Rufe mini baki, kai da ko da'ira ba ka iya ba." Sannan ya juyo ya ce, "Inna, ni na saba zana hannu yadda ya kamata ya kasance. Ɗanki ya zana wanda ke gabansa. Abin da na sa shi ke nan, ni kuma na kasa gane shi." Ya ce lissafinka na nan inda yake, in dai ba ka yi fashi ba tun ranar. Na ƙirga masa shafukan a gabansa, ba wanda ya ɓace.

Na duba kayen duka a hanya. Tsohuwar nan mai ƙosai, kamar in gaishe ta. Ban san a ina ka samo wannan ido ba. Allah ya ƙara maka.

Ban roƙe shi ba, kuma ba zan roƙe ka ba. Saura kwana goma sha uku. Kai ka san abin da za ka gaya wa Rissa. Na bar maka ƙuli-ƙuli wurin matar kawunka. Na ga rigarka ta yage a hammata, ka ba ta ta ɗinke. Motarmu na shirin tashi.

Mahaifiyarka,
Kaltumi

Tawa, 8 ga Oktoba 1994

Inna,

Gaisuwa da fatan an fara girbi lafiya.

Yau kwana ɗari. Malam Attaher ya ba ni burushi da allon wani tela, gobe zan fara. Ya ce in tambaye ki ko kina da tsohon mazari, yana so ya rataye a rumfa.

Ga zanen yau na sa miki a ciki. Motar su Rissa ce, da safen nan a tasha. Ta bayanta na zana ta, tana barin tasha, gama haka idona ya gan ta.

Ɗanki,
Ashiru