Sawun da ke Hoton Bana

Zuwa ga yayana Nazih,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hiyam da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Gwiwar Mama na nan yadda ka sani, sanyi na shigowa ta tashi. Tuffar bana ta yi, sai dai ba wanda ya yi murna da ita. Goggo Wadad ta tare wurinmu tun bayan arba'in ɗin Baba, tana taya mu kwana tana kuma hana mu sakat da surutu, Allah ya saka mata.

Ka roƙe ni kada a fasa hoton bana. Ka ce tunda takardu sun hana ka zuwa jana'iza, ko wannan ka samu. Kai a can Sidni ta Ostareliya faɗa ce kawai, ni aka bari da aiki! Ka san shekara talatin da huɗu, duk ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Baba sai ya gangara katangar gonar tuffa ya juyo ya ɗauki hoton gidanmu da dutsen da ke bayansa. Ni kuwa ban taɓa riƙe kyamarar nan ba, aikina kai masa shayi. Ga shi Mama ta naɗe ta a rawaninsa ta sa a ƙasan akwati. Da ƙyar ta ba ni, da sharaɗi ɗaya: in danna kawai, kada in murza komai. Ta ce faifan nan biyu da ke samanta, yadda hannunsa ya bar su ranar da ya ɗauki hoton 'yan girbi a watan Agusta, haka za su zauna. Ta ce an raba kayansa, an wanke ƙanshinsa daga matashi, wannan kaɗai ya rage a inda ya ajiye shi. Na ce mata na ji.

Ranar Talata da safe muka tashi gari fari fat. Na gangara, na danna, na duba. Hoto ya fito kamar an watsa wa gidan toka. Na sake, na sake, duk haka. Can batir ya mutu don sanyi, na koma ciki da gudu, ina shiga ɗumin murhu gilashin kyamarar ya yi raɓa. Goggo ta dube ni ta ce wai ashe gado ba a jini yake ba, wai ko akuyarta aka ba za ta fi ni. Na yi dariya, na shiga kicin na yi kukana.

Da hantsi Ustaz Fauzi, abokin Baba na masallaci, ya leƙo gaishe mu. Na ja shi zaure na nuna masa kyamarar da hoton. Ya ce ba laifina ba ne, Baba ya gyara ta ne don ranar Agusta mai ƙuna, yau kuwa gari a lumshe yake, dole a buɗe mata ido a rage mata saurin ƙiftawa. Ya ce ko ita aka bar wa zaɓi, in ta ga fari da yawa tsorata take ta rage haske, sai an ƙara mata. Batir kuma in sa shi cikin riga ya ji ɗumin jiki. Da na gaya masa sharaɗin Mama sai ya ce shi dai Abu Nazih, wato Baba, da ya sani sau ɗari yake murza faifan nan a wuni, amma shi ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya ba. Ya ƙara da cewa ana sa ran ruwa kafin la'asar, zai wanke komai.

Na koma katangar na tsaya, gaba kura baya sayaki: ga alkawarinka, ga na Mama. Na ce bari in haddace lambobin da ke kan faifan, in na gama in mayar. Yatsuna sun sandare, idona ya cika, na murza gaba, ya yi yawa, na dawo baya, na taɓa ɗayan. A karo na bakwai ya fito. Fari ƙal, Yaya, har inuwar rassan tuffa shuɗi-shuɗi, irin na Baba sak. Na yi hamdala, na zo mayarwa, lambobin suka ɓace mini. Har yau ban tuna ba. Na ji kamar na sake binne Baba da hannuna, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi.

Ban ɓoye wa Mama ba, ka san bakina ba ya riƙe magana. Na durƙusa na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon hoton, ta ce farin ya yi, farinsa ne. Sai ta ɗora yatsa kan layin sawun da ya fito daga ƙofa zuwa katanga. Ta ce shekara talatin da huɗu ita ba gida take dubawa a hotunan nan ba, ba kuma dutse ba, sawunsa take dubawa, yadda yake jan ƙafar hagu. Ta ce na bana ƙanana ne. Ta miƙo mini kyamarar da rawanin, ta ce in riƙe, ba sauran abin da za ta tsare.

Ga hoton nan cikin ambulan. Ka jera shi bayan na bara, amma kada ka duba su tare a gaban yara.

Ka gaida Hiyam, da Karma, da mai sunan Baba. Mama da Goggo Wadad da Ustaz Fauzi suna gaishe ka. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Rudaina