Littafin da Gara ta Cinye Ƙarshensa

Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko da kina raye ma, ni zan zauna in karanta miki, tunda ba ki yi boko ba. Amma shekara biyu ke nan babu wanda nake gaya wa abin da ke raina, yau kuma abin ya yi mini nauyi.

Gida lafiya. Gwiwata ta hana ni zuwa masallaci sai da sanda, idon hagu kuma ya kusa rufewa. 'Yan'uwanki na Augie sun aiko da albasa, rabinta ta ruɓe saboda babu mai shanya ta. Maman Rahila maƙwabciyarmu har yanzu tana leƙo ni da kunu.

Fa'iza, matar autanmu Nasiru, ta sauka lafiya ranar Juma'a, ɗiya mace. Gobe ne zanen suna a gidansu na unguwar Badariya, kuma ni aka ɗora wa faɗa wa liman sunan. Na ɗauka naki za a mayar. Sai Nasiru ya zo nan Nasarawa ya miƙa mini 'yar takarda, an rubuta Zanira. Na tambaye shi sunan wace ce a danginmu ko nasu. Ya yi dariya, ya ce sunan wata yarinya ce a littafin da Fa'iza ke karantawa a waya tun tana da ciki, yarinya mai haƙuri da ilimi. Na tambaye shi yadda yarinyar ta ƙare. Ya ce ai littafin bai ƙare ba, mai rubuta shi tana sakinsa ne shafi-shafi, duk mako.

Hajiya, takardar faɗuwa ta yi daga hannuna. Ya zaci rawar tsufa ce.

Kin tuna ɗiyarmu ta fari, lokacin da nake koyarwa a Argungu? Kin tuna na ce miki Sundusatu sunan wata gwaggon babana ce da ta rasu a hanyar Makka? Ƙarya na yi miki. Babu gwaggon nan. A kabad ɗin makaranta na samu wani tsohon littafi, gara ta cinye bangonsa da shafukan ƙarshe. A ciki akwai ɗiyar wani masunci mai wannan suna, mai wayo, kowa na sonta. Ina matashi, ina jin ni ɗan boko ne, ba na son ɗiyata ta zama Hauwa ta huɗu a unguwa. Liman ya sa na maimaita sunan sau biyu kafin ya faɗa. Mahaifinki ya bi ni da kallo.

Ke ba ki taɓa kiran sunan ba, saboda kunyar 'yar fari. Yarinyar nan kawai kike cewa, har ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara uku. Ni kaɗai nake kiransa, safe da yamma, ina jin daɗin yadda yake fita a baki.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru aka tura ni kwas, na ga littafin cikakke a ɗakin karatu. Da ma ban buɗe ba. Ɗiyar masuncin ba ta kai aure ba, kwalekwale ne ya kife da ita. Shafi shida ne kawai gara ta ɓoye mini. Na dawo gida, kika kawo mini tuwo, kika tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce gajiyar mota ce.

Na san abin da za ki ce. Tamu ƙyanda ce, ba ruwa ba, kuma yara nawa ta kwashe a Argungu a waccan shekarar, masu sunan annabawa da matansu? Na san ajali ba ya karanta littafi. Na yi istigfari a kan wannan camfi fiye da yadda zan iya tunawa. To me ya sa tun ranar da Nasiru ya zo abinci ya ƙi shiga? Me ya sa da suka miƙo mini jaririyar, na duba fuskarta, bakina ya kira ta Sundusatu?

Fa'iza ta ji. Ta tambayi wace ce, domin ko Nasiru bai san sunan yayarsa ba. Sai na gaya musu duka, a gaban mai jego da kwanon kunun kanwa. Su na fara gaya wa, ba ke ba. Ki yafe mini wannan ma.

Ba ta yi mini dariya ba. Ta ɗauki waya ta aika wa marubuciyar saƙo, tana tambaya ko Zanira za ta rayu. Amsa ta zo kafin la'asar, wai ita ma ba ta yanke shawara ba tukuna. Kin ji? Wata yarinya a wani gari, da ban san ko ɗiyar wa ce ba, ba ta yanke shawara ba.

Na yi tunanin in je kunnen liman gobe in raɗa sunanki maimakon wancan. Wa zai hana ni? Kafin su ankara an shafa fatiha, an yanka rago. Amma na taɓa yi wa uwa ɗaya ƙarya a kan sunan ɗiyarta, na ga yadda ake zama da abin shekara hamsin. Fa'iza ce ta ɗauki cikin nan wata tara tana kiranta da wannan suna. Ba zan ƙwace mata ba.

Zan faɗi Zanira, in Allah ya kai mu. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe na sa a aljihun rigar da zan saka, don ina tsoron harshena ya sake zamewa a gaban jama'a. Abu ɗaya na roƙa, kuma Fa'iza ta yarda. Duk ranar da sabon shafi ya fito, za ta zo da yarinyar a bayanta ta karanta mini, ba tsallake ko layi ɗaya. Wannan karon ina son in kai ƙarshe da kunnena.

Ta ce littafin zai iya kai wata shekara. Na dubi tsofaffin hannuwana. In na zo inda kuke kafin littafin ya ƙare, kada ki tambaye ni yadda ya ƙare. Ki dai nuna mini yarinyar nan, in gaya mata inda na samo sunanta.

Allah ya haskaka makwancinku, ke da ita.

Ni ne mijinki,
Malam na makarantar Argungu