Askar Iya Tabawa

Daren Talata, watan Rajab, Mandawari

Da la'asar matar Yaya ta haihu, Iya Tabawa ungozoma ta zaro tsohuwar askarta za ta yanke cibi. Na riƙe mata hannu, ni da wata huɗu kacal da fara koyon aikin ungozoma a asibiti.

Ta ce, "Ke, da ita na yanke naki."

Na ce, "Iya, ko alwala sai da ruwa mai tsarki. Bari in tafasa ta."

Ta sakar mini, amma ba ta sake kallona ba.

Baba ya ce ko tari jaririn ya yi kafin suna, na bar asibiti ke nan. Allah, sai da na yi istihara na shiga aikin nan. Ka raya shi. Saura kwana bakwai.