Takwas ɗin da Tibo Ya Gani a Baya

Tekun Bohol, 9 ga Afrilu

Zuwa ga uwargida Consolacion,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma ciwon gwiwar ya lafa. Ni lafiya lau, sai dai shinkafar jirgin nan kullum a caɓe take.

Aikina shi ne rubuta duk balyena, wato ƙatuwar dabbar tekun nan mai siffar kifi, da masu dubawa suka hango. Irin wadda muke ƙirgawa takan yi minti arba'in da biyar a ƙarƙashin teku, ta fito shan iska na minti biyu kacal. Jirgi kuwa ba ya jira. A lissafina, cikin huɗun da muka bi ta kansu, ɗaya za a gani.

Ƙaninki Tibo ya kawo sha ɗaya, sauran masu dubawa uku-uku. Shugabar aikin, Dakta Amper, tana zargin ƙari yake yi, ta ce in ya tabbata za ta sauke shi a tashar jirgin ruwa ta Jagna. Ni ta ɗora wa binciken. Da na sanar da shi, sai ya tsokane ni da agogon da nake lissafi da shi, ya ce, "Malam Agogo, kai da ko jatan lande ba ka taɓa kamawa ba?"

Mijinki,
Eustaquio

17 ga Afrilu

Consolacion,

Ina gaishe ki, da fatan gida lafiya.

Kwana uku na tsaya kusa da shi. Ba ƙarya yake yi ba. Ƙa'idar ita ce a dubi gaba kawai. Shi kuwa, da ya ga ruwa ya kwanta sumul a wuri ɗaya, alamar wata ta nutse, sai ya riƙe wurin a ransa, ya juya yana jiran fitowarta, yadda mahaifinku ya koya masa zamanin da ake farautarsu. Takwas cikin sha ɗayan a bayan jirgi ya gan su.

Na gaya wa Dakta abu biyu: mutumin mai gaskiya ne, amma takwas ɗin ba su shiga lissafi, domin lissafinmu ya riga ya ƙiyasta waɗanda mai duban gaba ke kuskurewa, in aka ƙara su an ƙirga su sau biyu ke nan. Da hannuna na soke su. Ta bar shi a bakin aikinsa.

Tun ranar bai yi mini magana ba. Ya ce wa kuku gara a kira shi maƙaryaci a kore shi da a ce abin da idonsa ya gani bai ƙirgu ba. Jiya na ga ya juya sau biyu, ya daɗe yana kallo, bai kira komai ba. Ni ma ban tambaye shi ba.

In ya rubuto miki, kada ki ba shi haƙuri a madadina. Lissafin daidai yake. Amma ki tambaye shi nawa ya gani jiya, ki sanar da ni.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Eustaquio