Sanfulawar da Yaya ke son kifewa

Daren Laraba, tsakiyar marka

Yau a kasuwar Ƙafin Maiyaki Yaya Sale ya tare ni gaban mutane kan sanfulawar da na shuka, furen nan mai bin rana: "Ɗan boko, fure za ka ciyar da iyalinka?" Wai gobe zai kawo garma ya kife sanfulawata a shuka wake, tunda gonar ta gado ce.

Dariya kawai na yi. Duk ranin da ya wuce shanun Arɗo a gefen gabas na gonar suke kwana, na yi kaftu na binne kashin kafin huɗa. Can kawunan furen sun kai faifai. Gefen da Yaya ya hana a kai shanu kuwa, ko gwiwata bai kai ba.

Da asuba zan riga shi gona. In kifewar yake so, ya fara da gefensa.