Fiffiken da Ya Ƙi Karyewa

Litinin, 5 ga Maris, 1934

Shugabanmu Ignat Osipovich ya ba ni lissafin ƙashin fiffiken sabon jirgin yaƙi. Aikina na farko tun da na bar jami'a. Na kasa cin abinci.

Alhamis, 8 ga Maris

Savva, matuƙin da zai gwada jirgin, ya leƙo yana zubar mana da ɓawon irin da yake ci a ƙasa. "Taya," haka yake gajarta sunana Taisiya, "yi mini mai ƙwari, ni kaɗai gyatumata ta haifa." Wasa yake yi. Na dai ƙara wa katakon fiffiken kauri. Kaɗan.

Asabar, 10 ga Maris

Na ƙara kuma.

Talata, 3 ga Afrilu

Gwaji. An kife fiffiken, ana jibga masa buhunan yashi. Ƙa'ida ita ce ya karye jim kaɗan bayan nauyin da aka ƙayyade. Yashi ya ƙare, ko ƙara bai yi ba. Kafintoci suka yi tafi, ni ma har na fara murmushi.

Ignat Osipovich ya cire tabarau. "Taisiya Lukinichna, fiffike na ce, ba gadar jirgin ƙasa ba."

Laraba, 4 ga Afrilu

Savva ya same ni a ɗakin cin abinci, na tasa miyar kabeji a gaba tana hucewa. Yau babu wasa. Ya ce jirgi mai nauyi ba ya juyawa da sauri, wanda ke bayanka da bindiga kuwa ba ya jira. "Rage shi, Taya. Tsoronki ne zan ɗauka in hau sama da shi?" Sannan ya cinye burodina.

Juma'a, 27 ga Afrilu

Na rage. Sabon ya karye daidai inda lissafi ya ce. Kowa na murna. Ni ƙarar katakon ce ta ƙi fita daga kunnena.

Talata, 15 ga Mayu

Jirgin ya tashi, ya juya, ya sauka lafiya. Injiniyoyi duk suka ruga wajen fiffiken, suna ƙwanƙwasa shi, suna neman tsaga. Ignat Osipovich ya ɗago yana nemana.

Ina gindin kujerar matuƙi, riƙe da hular Savva. Ban san lokacin da na isa can ba.

Gobe zan duba fiffiken.